Ƙwallon Umair da Agogon Kyamarata

Aikin farko yau: wanke gilashin kyamara. An yi.

Zuwa ga Yaya Zaituna, bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Ɗalha a can Fatakwal. Mu nan Dala lafiya lau, ƙafar Gwaggo ma ta yi sauƙi har tana fita barka.

Albishirinki: ɗanki Umair ya ciyo wa unguwa kofi, amma saura ƙiris ni kawunsa in ƙwace masa da hannuna. Kin san tun da mulki ya dawo hannun farar hula kowane kansila sai ya sa kofin ƙwallo. A wasan ƙarshe mun haɗu da Yakasai, aka yi sharaɗi ƙarfe shida daidai za a tashi saboda magariba. Ni na ɗauki wasan, na kuma saita agogon kyamarar da na rediyo. Dab da tashi muka samu bugun kwana, sai na juya kyamarar zuwa ɗaukar tafiyar hawainiya don ki ga ɗanki sosai. An yi ta kai-kawo a bakin raga kafin Umair ya sa wa ƙwallon kai ta shige.

Washegari aka haska hoton wasan a gidan kallo. Lawal, kocin Yakasai, ya hango lambobin lokaci a gefen hoton sun wuce shida da minti biyu lokacin da ƙwallon ta shiga, ya ce ai kawun yaron da kansa ya ba da shaida. Kwamiti ya riƙe kofin. Umair ya daina cin abinci a gidana. Ni kuwa kin san halina, na gama yarda ni na saita agogon ba daidai ba.

Da na natsu sai na lura farkon hoton ne kawai ya dace da lokacin gaskiya. Kyamarar tana lissafa hoto ashirin da biyar a matsayin daƙiƙa ɗaya. A tafiyar hawainiya kuwa hoto ɗari take haɗiyewa a daƙiƙa, amma ba ta sake lissafinta ba, don haka agogonta yake gudu ninki huɗu. Gani ya kori ji, sai na aro agogon bangon maƙwabcinmu Alhaji Sabo na ɗauki hotonsa da tafiyar hawainiya a gaban kwamiti. Tsinken ya zaga minti ɗaya, kyamara ta rubuta huɗu! Aka koma kan wasan aka lissafa, ashe ƙwallon ta shiga shida ba ta cika ba. Lawal ya ce to kyamarar ma ashe 'yar siyasa ce, tana ƙara ƙuri'a. Da dariya aka miƙa kofin, kuma jiya Umair ya cinye min tuwo malmala uku.

Ki gaida Malam Ɗalha da Sumayya da auta Ismail. Uwargidana 'Yardada tana gaishe ki. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki, Salihu.

Na gobe:
Kwafe miki kaset, a kai tasha.
Sake gwada agogon nan, ko na yi kuskure.
Karɓo kofin wurin Gwaggo, ta fara zuba goro a ciki.