Zanen Yalwa Yana Gogewa

Zuwa ga Yalwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba, ba kuma mai karanta miki ita. 'Yarmu Binta ce ke riƙe da biro, ta zo daga Babura ta kwana biyu. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara min magana irin tasu ta malaman makaranta.

Wata bakwai ke nan da tafiyarki. Damina ta yi kyau, geron bayan gari ya fi na bara, sai dai tsutsa ta ci rabin wake. Jar akuyarki ta haifi biyu. Katangar da ke tsakaninmu da Malam Sale ta zube, ya ce tawa ce, na ce tasa ce, tana nan a zube. Ƙanenki na Roni tun sadakar arba'in bai sake leƙo mu ba, na kuwa riƙe shi. Na san za ki ce in bari. Ban bari ba.

Amma ba don wannan na zaunar da Binta ba. Zanenki ne, Yalwa. Yana gogewa.

Kin tuna yadda aka fara. Da ɓarin jikinki na dama ya shanye, likita ya ce a riƙa ba hannun aiki kar ya mutu. Binta ta kawo takardu, kika fara jan layi irin zanen ƙwarya da kika koya wurin innarki. Ranar farko layin kamar sawun tsutsa. A hankali ƙafar kaza ta fito, zagayen faifai ya fito, har kika ƙulla dagi. Sai abin ya koma na gida duka. Duk Juma'a bayan la'asar a shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, babban ɗanmu Babangida ya ɗauko matarsa a mashin daga Kazaure, jikoki su zagaye ki. Kuka jiƙa zoɓorodo kuna neman ja, ya bushe ya koma ruwan ƙasa, kuka yi ta dariya. Kuka gwada gangamau, kuka gwada lalle. Wani ya fiƙe gamba, wata ta ce tsinken tsintsiya ya fi siririn layi. Ni ina can bakin zaure da rediyo a kunne, kamar ban san ana yi ba.

To ki duba min. Shekara arba'in da wani abu ina haɗa tawada. Malaman Gwiwa da Roni har Kanya Babba, kurtunsu da tawa yake cika. Ko baƙi ɗaya ban iya rubutawa ba, amma sunana ya ɓace, sai Maitawada. Yau a cikin gidana ake zane da tawada, ba wanda ya juyo ya ce Baba yaya ake yi. Wannan bai isa ya ci wa mutum rai ba?

Na sani, ni na fara. Ranar farko na ce ɓarnar takarda ce, tsohuwa da jikoki ta koma wasan yara. Da kin yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Sai kika jawo ƙaramin turmi da hannun hagu kika daka gawayinki. Ina kallo kika jefa ƙaro ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na san bai isa ba. Tawada in ƙaro ya yi mata kaɗan gari ne kawai kwance a kan takarda, ruwan ya bushe ya bar shi ba abin da ya riƙe shi. Na buɗe baki zan faɗa miki, sai na rufe. Na ce a raina bari ta tambaye ni.

Shekara biyu ina jira. Ƙaron ɗakwara mai kyau yana nan cikin gwangwani a ɗakina, ke ma kin san yana nan. Yatsunki suna baƙi in kin taɓa takarda, kika ce halin gawayi ne, kina jera takardun a hankali cikin adaka. Da yara suka gaji suka koma biro da maka, alƙalamin kantin nan mai kaurin baki, ke kika ƙi. Da kunnena na ji kin ce matar Maitawada ba ta zane da tawadar kanti. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Duk da haka ban tashi ba. Wane irin mutum ne wannan?

Bayan arba'in aka buɗe adakar. Takardun sun gogi juna, sanyin damina kuma ya zo ya ƙarasa. Babban dagin nan da kika yi wata guda kina yi, rabinsa ya koma hayaƙi. Babangida ya sayo alƙalamin maka ya ce zai bi layinki ya tayar da shi. Na fizge takardun daga hannunsa, na ce masa a gaban matarsa bai san komai ba sai sayen abin kanti. Ya tayar da mashin ya tafi. Juma'a shida ke nan bai zo ba, yaran ma ba a kawo su. Tabarma tana jingine. Shi yana ganin har yanzu raina abin nake yi.

Gaskiyar ita ce ba zan iya kallo a rufe laifina da maka ba. Sannan rawar nan da ke cikin layinki, inda hannu ya so ya faɗi kika riƙe shi, in ya bi ta kai ya miƙar da ita, me ya rage naki? Ni ma na gwada tawa dabarar a ɓoye. Na dama ruwan ƙaro tsararo na shafa wa ƙaramar takarda ɗaya da gashin kaza, ko zai kama. Ya kwashe zanen gaba ɗaya. Na ɓata miki ɗaya da hannuna. Binta ta ɗauki hoton sauran a waya, ta ce ba za su ɓace ba. To, hoto dai hoto ne.

Binta ba ta san maganar ƙaron nan ba sai yanzu da take rubutawa. Ta ajiye biro ta fita, ta daɗe, ta dawo idonta ja. Ta ɗauki biron ta ci gaba. Halinki ta ɗauko.

Ga abin da na yanke. Jiya na jiƙa ƙaron gwangwanin, na daka gawayi, na tace sau uku, na haɗa tawadar da ta kamata in haɗa miki tun farko. Na ɗiga a takarda, ta bushe, na murza da babban yatsa, ba ta motsa ba. Gobe Alhamis zan hau bayan mashin in je Kazaure da kaina. Uba ya je ya ba ɗa haƙuri, a gidanmu ban taɓa gani ba, amma zan je. Zan faɗa masa abin da na faɗa miki. In ya yarda ya zo, ran Juma'a kowa ya ɗauki takardarki ɗaya ya ajiye a gabansa, ya kalla ya zana a sabuwa. Taki ba mai taɓawa, ta zauna iya zamanta. Ni ƙafar kaza zan ɗauka, ita na ga ta fi sauƙi. Ban taɓa jan layi ba a rayuwata, in sun ga dama su yi dariya.

In kuma ya ji labarin ya ƙi zuwa, ban da ta cewa.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a ƙirji. Ranar da za ki tafi kin riƙe hannuna kin ce kin yafe min duniya da lahira. Na karɓa, ban faɗa miki wannan ba. To yafiyar ta haɗa da abin da ba ki sani ba? Ko kuwa kin sani tun ranar turmin, kika bar ni?

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Sai na zo.

Ni ne mijinki,
Audu Maitawada, Gwiwa