An Hana Baki Shiga

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki sa sunana. Akwai abin da na yi wanda ban faɗa wa kowa ba, ko Mama ba ta sani ba, kuma saboda shi yayata tana shirin barin karatun da take so. Ki yi haƙuri da rubutuna, bara na gama firamare. Kuma ni ba mai iya magana ba ce, a gida ma idan aka yi baƙi ɗaki nake shigewa sai sun tafi.

Ni da Yaya muna zuwa wani aji da rana inda ake koya wa 'yan mata rubuta manhajar kwamfuta. A saman wani shagon fenti yake, shi ya sa kullum ɗakin yana wari, fankar kuma tana ƙara kamar za ta faɗo. Yaya ce ɗalibar tun farko. Ni rakiya kawai Mama ta ce in dinga yi mata, saboda idonta ba shi da ƙarfi, ba ta son tsallaka babban titi ita kaɗai. Ina zama a benci a bayanta ina kallo, har ranar da Malama ta kama ni ina motsa baki ina bin abin da ke allo, ta ce ga kujera nan babu kowa, in zauna.

Wata 'yar manhaja muke haɗa wa wani ƙaramin asibitin haihuwa, wadda za ta dinga tura wa iyaye mata saƙon ranar rigakafi, ta kuma nuna sanarwa a allon bango. Kowa da ɓangarenta. Ni an ba ni lissafin ranaku. Yaya an ba ta rubuta saƙonnin, domin duk ajin babu wadda ta kai ta iya rubutun Hausa. Ita ta koya mini tun ina ƙarama cewa ƙ da k ba ɗaya ba ne. Takan ce harafi mai ƙugiya shi ma ɗan gida ne, kada in bar shi a waje.

Dokar ajin ita ce ba a haɗa aikin kowa da babban aikin sai an duba. Idan kin gama gyaranki sai ki tura, mataimakin Malama ya karanta. Jan Biro muke ce masa saboda da ja yake nuna kurakurai, amma a bayan idonsa. Ba mugu ba ne, har alewa yake raba mana. Sai dai duk abin da ya rubuta kowa yana gani, da sunanki a sama: an manta waƙafi, an buɗe baka ba a rufe ba, wannan layin ya shige ciki da yawa. Ranar da ya fara yi mini haka sai da na je banɗaki na daɗe a tsaye.

Wata rana ina neman wani abu daban a intanet sai na ci karo da bayani cewa ana iya sa kwamfutar ta duba aikin da kanta kafin ya fita. Turancin ya yi mini yawa, na yi ta komawa ina bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ashe ƙaramin fayil ne ake rubutawa, a jera abubuwan da za a duba. Duk lokacin da kika zo turawa sai ya tsaya a ƙofa ya karanta. Idan ya ga kuskure ya hana aikin fita, ya nuna miki layin, ke kaɗai, babu mai gani. Na sa masa suna Mai Gadi. Gaskiya ban fahimci duk dokokin ba, na kwaso duk waɗanda na gani ne na zuba masa, na ce gara ya yi tsanani.

Daga nan Jan Biro ya daina samun abin rubutawa a kaina. Malama har ta ce wa sauran su dubi ƙaramar cikinsu. Ban ji daɗi ba yadda kike zato, gani nake kamar satar amsa nake yi.

Ita kuwa Yaya aikinta kullum ja. Sai ta kai hancinta kusa da allon kwamfuta, amma duk da haka waƙafi da aya ɗaya suke a idonta. Idan mun dawo gida sai ta jiƙa tsumma ta ɗora a fuska ta kwanta. To ranar nan ta tashi wanke ido, ta bar kwamfutarta a buɗe, sai na zame zuwa kujerarta na sa mata Mai Gadi. Wallahi Anti taimako na yi niyya. Na ɗauka zai dinga nuna mata kurakuran a ɓoye kamar yadda yake yi mini, ba sai na buɗe baki na yi bayani ba.

Abin da ban sani ba shi ne, cikin dokokin da na kwaso akwai wadda ta hana duk harafin da babu shi a Turanci. Ni ɓangarena lambobi ne da kalmomin umarni, shi ya sa bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Yaya tana danna turawa allonta ya cika da ja, duk layin da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya ƙi shi. Ina kusa da ita, ina gani ta gefen ido. Ta ɗauka sabuwar doka ce Malama ta kafa, ita kuma ba ta son tambaya a ce komai sai an nuna mata. Sai ta zauna tana cire ƙugiyoyin da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, fuskarta manne da allo, har aka kusa tashi. Sannan aikin ya wuce. Ni kuwa ina zaune bakina ya ƙi buɗuwa. Na yi ta ce wa kaina yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa, har Malama ta kashe fanka.

Washegari Jan Biro ya karanta sanarwar Yaya da ƙarfi. Maimakon an hana baƙi shiga ɗakin haihuwa, abin da ke rubuce shi ne an hana baki shiga. Ya tambaya ko sai mai zuwa dubiya ya cire bakinsa ya ba da ajiya a bakin ƙofa, in ya fito ya karɓa. Aji ya kwashe da dariya, Malama ma sai da ta rufe fuska da littafi. Ya ƙara da cewa ita da muke taƙama da Hausarta. Yaya ta yi murmushi ta ce za ta gyara.

A hanya ta riƙe hannuna da ƙarfi fiye da kullum. Ta ce mini mutane dai dariya suka yi, amma ita abin da ya fi ci mata rai shi ne na'urar ma ta ƙi ta. Da muka isa gida ta gaya wa Mama cewa idan wata ya ƙare ta daina zuwa, idonta ba na wannan aikin ba ne, ni in ci gaba tunda ni ce mai kan abin. Har jakarta ta zuwa aji ta miƙo mini, mai ruwan toka, wadda ta ɗinke hannunta da kanta.

Na lallaɓa na cire mata Mai Gadin a ɓoye, amma bai gyara komai ba. Yanzu ƙugiyoyin suna wucewa, sai ta ƙara rikicewa, tana cewa ƙila ita ce ta danna wani abu ranar ba ta gani ba.

Anti, Mai Gadi satar amsa ne? Idan na faɗa, Malama za ta iya korata saboda na taɓa kwamfutar wata. Yaya kuma za ta san cewa tsabtar aikina ba daga kaina take ba. Amma wanda na fi tsoro shi ne ta san ina zaune kusa da ita na yi shiru ana yi mata dariya.

Ga abin da na yanke, ban gaya wa kowa ba. Yau na cire nawa Mai Gadin. Daga gobe zan dinga tura aikina da kurakuransa, sunana ya yi ja kusa da nata, ko za ta ga ba idonta ba ne kaɗai. Jakar kuma na mayar da ita ƙusar da take rataye ta, ban ɗauka ba.

Ƙanwar wata

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki, kuma kafin komai: babu wata ƙugiya da kika bari a waje. Yayarki ta iya koyarwa.

Bari in fara da mai sauƙin. Mai Gadinki ba satar amsa ba ne. Na tambayi ƙanena da wannan aikin ne abincinsa, ya ce a wurinsu ba mai tura gyara sai ya bi ta irin wannan ƙofar, kuma babu mai jin kunyar haka. Kurakuran da ya nuna miki ke kika gyara su da hannunki. Ki mayar da shi.

Amma ba zan shafa miki mai a baki ba. Kin zauna a kujerar wata kin canja mata kayan aiki ba ta sani ba, kuma kin ɗora mata dokokin da ke kanki ba ki karanta ba. Niyyarki mai kyau ce, wannan ba na shakka. Sai dai taimakon da aka ɓoye wa mai shi, idan ya karkace, ba ta da hanyar gane inda ya fito, sai ta ɗora wa kanta. Abin da ya faru ke nan.

Shawarar da kika yanke ta taɓa mini zuciya, amma ba za ta tsayar da Yaya ba. Ba rashin abokiyar jan biro ne zai kore ta ba. Za ta tafi ne saboda ta yarda da abin da ba gaskiya ba: cewa ko a Hausar da ta fi kowa iyawa ta gaza. Ke kaɗai kika san rubutunta daidai yake. Idan kika fara tura kuskure da gangan, wani ɓoyon ne kika ƙara a kan na farko.

Ki fara da ita, ku biyu, a ɗaki, ba a titi ba. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce mata ƙugiyoyinta daidai suke, ke kika sa abin da ya ƙi su, kuma kin ji tsoro kin yi shiru. Idan bakin ya sake ƙi, ki rubuta da manyan haruffa ki miƙa mata, ki zauna a wurin har ta gama karantawa. Za ta iya yin fushi, musamman kan shirun. Tana da haƙƙi, ki bar ta ta yi.

Sannan ku je wa Malama tare. Ba na zaton za ta kore ki, amma idan ta yi faɗa ki karɓa. Ki nuna mata fayil ɗin, ki roƙi a sa shi cikin babban aikin inda kowa za ta gan shi, ba a kwamfuta ɗaya a ɓoye ba. Ku fara da dokoki kaɗan waɗanda kowa ta fahimta, ku gwada su a ɓangaren kowa kafin a kunna. Abin da zai lalata manhaja, kamar bakan da ba a rufe ba, ya hana shi fita. Tazarar layi ya gyara da kansa. Dokar Turanci zalla kuwa a cire ta. Ƙanena ya ce ana ma iya juya ta: Yaya ta tattaro kalmomin da ma'anarsu ke canjawa idan ƙugiya ta faɗi, irin su baƙi da ƙafa da ɗa, Mai Gadi ya dinga tambaya idan ya gan su tsirara. Tambaya kawai, ba hanawa ba, domin wani lokacin bakin ake nufi. Wannan aiki ne da babu mai iya shi a ajinku sai ita.

Kada ki riƙe Jan Biro a zuci. Ki lura, na'urar ta bar sanarwar ta wuce, shi ne ya karanta ya ga ma'ana ta ɓace. Kuna buƙatarsa. Amma ki gaya wa Malama yadda barkwancinsa a gaban aji yake yi muku, ita ta san yadda za ta ja masa kunne.

Idon Yaya kuma ba a bar shi ga jiƙaƙƙen tsumma ba. A ƙara mata girman haruffa a allo tun gobe, kuma ku sa Mama ta kai ta wurin likitan ido.

Ba zan yi miki alkawarin za ta zauna ba, zaɓinta ne. Amma ta zaɓa tana sane da gaskiya. Jakar nan kada ki bar ta a ƙusa tana jira. Ki sauko da ita ki sa mata a hannu, lokacin da kike faɗa.

Allah ya buɗe miki baki, ya ƙara wa Yaya hasken ido, ya bar ku kuna tsallaka titin nan tare.

Antinku