Madaɓin da Na Aiko Maka

Assalamu alaikum, ya sanyin idona, ruwan randar da nake sha in na dawo daga rana, ƙanshin ƙasa ranar ruwan farko. Suhaibu, zumata! Na ce zuma ban kuwa yi ɓatan baki ba, don an riga an faɗa, zuma ga zaƙi ga harbi. Zaƙin na sha, na gode Allah. Harbin ne ya sa na ɗauki biro yau, ba don kewarka kaɗai ba. Ina son ka, kuma haushinka nake ji, irin haushin da ban taɓa ji a kan wani ɗan Adam ba.

Ƙunshin da ya zo tare da takardar nan ba turare ba ne, ba kuma hular da na ce zan saƙa maka ba ce. Madaɓi ne. Ka kwance ka gani. Icen nan mai faɗin baki da mata ke dukan ƙasa da shi har ta yi ƙarfi, wanda kai da abokanka ba ku taɓa riƙewa ba. Ka ajiye shi a cinyarka ka ƙarasa karatu, zan zo kansa.

Ka tuna ranar da aka turo ni koyar da wasannin motsa jiki a makarantar 'yammata ta Toranke? Daga kasuwar Gaya ka ɗauko ni a babur, na rungume ƙwallo a cinya, mutane suna bin mu da ido. Na gaya maka ƙwallon raga nake so in koya wa yara amma ba mu da raga. Sai ga ka bayan an yi kaka da raga a kafaɗa, ta igiyar rama, da hannunka ka saƙa ta, har tafinka ya yi kanta. A soron gidanmu ka shimfiɗa ta gabana ka ce wannan ce toshinka, ka ce kai macen da za ta fi ka tsalle kake nema. Wallahi a ranar na ba ka zuciyata gaba ɗaya, ban rage ko tsinke ba. Ina wancan Suhaibun ya shiga? Wa ya sace min shi ya bar min mai kama da shi?

Ka san yadda muka samu fili. Babban filin gari naku ne, ku da ƙungiyar ƙwallon ƙafar da kake shugabanta, tun daga la'asar har magariba, ba mu taɓa yi muku musu ba. Mu aka nuna mana bayan makaranta, inda tsidau da ƙarangiya suka yi gari. Iyayen yara sun ce sun yarda 'ya'yansu su yi wasa, amma a nan cikin gari, a bayan katanga, ba a kai su ko'ina. Ba siminti, ba mai ba mu. Sai Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifinka, ta ce tunda maza sun hana mu ƙasa, mu yi tamu. Ta tara matan unguwa. Muka cire ƙaya da hannu, muka kwaso marmara a kwanuka bisa kanmu, yara suka yi ta jidar ruwa daga tuƙa-tuƙa har wuyansu ya sage. Tsofaffin da gwiwarsu ke ciwo suka durƙusa a jere suna daɓe suna waƙa, ƙasa tana amsawa. Da aka zuba ruwan makuba, wurin ya yi ja yana sheƙi kamar bayan sabuwar tukunya. Muka kewaye shi da shingen ƙaya, don jariri ma a garin nan ya san ba a taka ɗanyen daɓe.

Kai ma ka sani, ya hasken raina. A tsakar gidan da aka daɓe ka yi rarrafe.

Amma ranar da 'yan Kademi suka zo muku wasa, babura suka yi yawa, ka rasa inda za ka sa su. Ka duba gabas ka duba yamma, ga gonar da aka girbe, ga gindin kuka, ba ka ga wurin da ya dace da baƙinka ba sai namu, saboda ya fi ko'ina kyau. Da hannunka ka janye ƙayar, hannun da ya saƙa min raga. Inuwar giginya, na nesa ka sha! Na je na gani da idona. Kowace ƙafar babur ta huda rami, tayoyi sun yi kunya-kunya kamar an bi da garma, baƙin mai ya ɗiga a tsakiya daidai inda za mu kafa ragarka.

Da a nan ka tsaya, da na nema maka uzuri, don so hana ganin laifi ne, ni kuwa na daɗe da makancewa a kanka. Sai Gwaggo ta tako da sandarta har bakin filinku ta yi maka magana. Lasifika tana hannunka. Ba ka kashe ta ba. Duk Toranke ta ji ka ce wai daɓe na tsakar gida ne, masu yin sa ma can suka dace. Samari suka kwashe da dariya, kai ma ka yi. Ina cikin aji na ji muryarka, muryar da in ta kira sunana a waya nake rasa inda zan sa kaina don daɗi. Yara suka juyo suna kallona. Zuhra, wadda ta fi kowa dukan ƙwallo, wadda bana za ta gama makaranta, ta sunkuyar da kai ta cire takalmin wasanta ta sa a jaka. Me kake so in ce mata? In ce wanda zan aura ne, wasa yake yi?

Ashe a soro ne kawai kake son macen da ta fi ka tsalle. In babu mai ji, kai ne mai cewa 'ya mace ma jiki gare ta, tana da haƙƙin gudu da dariya. In samari sun taru, sai harshenka ya juya. Tsoron 'yan majalisarku ta hira kake ji su ce mace ta shanye ka. Ka tsaya gaban ƙattan 'yan wasa ba ka ja da baya, amma dariyar masu shan shayi ta kayar da kai. Wannan ce jarumtar?

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, ya farin watana. Makubar nan da ta sa wurin sheƙi, Gwaggo ta daɗe tana tara ta daga ɓawon ɗorawa, don tsakar gidanka ta ajiye ta, gidan da za a kai ni. Ta ce ɗan ɗan'uwanta ba zai shiga da amarya a kan rairayi ba. Ni na roƙe ta ta zuba wa yara, na ce Suhaibuna zai fi kowa murna. Kunya ta hana ta gaya maka a gaban mutane. A kan daɓen aurenka ka jera baburan Kademi.

To, ga madaɓi. 'Yammatan garin Balan za su zo mana Asabar ta sama, wasanmu na farko ke nan tunda aka kafa makarantar. In ba fili ba wasa, kuma iyayen da suka yarda da ƙyar ba za su sake yarda ba. Ranar Alhamis da hantsi mata za su fasa wurin su sake daɓewa. Ka zo. Ba na son ka aiko da buhun siminti, ba na son ka turo yaran ƙungiya, ba na son ban-haƙuri a waya cikin muryar nan da ka san tana narkar da ni. Da rana ka faɗa, da rana za ka janye. Ka naɗe wandonka, ka durƙusa kusa da Gwaggo, ka daki ƙasa har tafinka ya sake yin kanta. Za a yi maka dariya, na sani. Mu ma an yi mana, ba mu mutu ba.

Ina roƙonka, don Allah, kada ka sa in zaɓa tsakaninka da yaran nan, domin na riga na san abin da zan zaɓa, kuma zai karya ni. In madaɓin nan ya dawo a hannun wani, zan gaya wa Baba ya sanar da kawunnanka kada su wahalar da ƙafarsu zuwa sa rana. Ragar kuwa ba za ta dawo maka ba, ta yara ce.

Amma ka sani, ko ka zo ko ba ka zo ba, ba wani namiji da zai zauna inda ka zauna a raina. Zan so ka a gidanka in ka durƙusa, zan so ka daga gidan ubana in ka ƙi, har ranar da za a mayar da ni ƙasar da nake daɓewa. Na bar maka wuri a layi, tsakanina da Gwaggo. Ba wadda za ta durƙusa a wurin har azahar.

Taka, cikin fushi da amana,
Khairiyya