Waken Marigayiya

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya gwiwar Inna? Mu ma lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, burina ya cika rabi. Kin san 'yan littattafan da nake ɓoyewa a ƙarƙashin matashi, inda ake kai amarya gidan abinci mai kyandir da farin ƙyalle a tebur. To, irin wannan gidan abincin maigidana yake wa manaja, kuma ɗakin da muke ciki a saman benen na Madam ne, mai wurin. Abin da littattafan ba su faɗa ba shi ne yunwa. Faranti kamar tire, abinci a tsakiya kamar an ɗiga maganin ido, kuma sai an gama ɗaukarsa hoto ya huce kafin a ci. Ni dai in na hau sama sai in ɗora waken Inna, wanda ake bari ya kama ƙasan tukunya, da albasar nan da ake soyawa har ta yi duhu.

Ranar Talata ƙamshin ya sauka har ƙasa. Madam ta hauro da kanta, ta ci a tsaye da ludayi. Ta ce za a fara sayar da shi, amma wake ba ya sayuwa a wurinta sai da labari. Maigidan ya ce ai matarsa gwana ce. Na zauna na yi ta rubutu ina gogewa, ya ƙi daɗi. Kin san a littafi uwa mai rai ba ta sa mutum kuka. Sai na rubuta cewa girkin wata uwa ce da ta rasu, ta bar wa 'yarta tilo tukunya ɗaya. Da na karanta, Madam har da share hawaye. Ki yi haƙuri, ke ma na goge ki. Wasan takarda ne kawai, kada Inna ta ji.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku. Wasiƙarki ta zo, kuma faɗan da kika yi min na cancance shi.

Yanzu cokali uku na waken ake zubawa, a ɗora ganye ɗaya a kai, a karɓi abin da zai saya wa Inna waken wata guda. Babban kuku ya hana ƙanzon, wai ba ya kyau a hoto. Yana ƙona saman da wata 'yar wuta kamar ta mai walda. Duk da haka sai an yi sati ana jiran tebur, masu ɗaukar bidiyo kuwa har rufe ido suke kafin cokalin ya kai baki.

Duk Asabar ana sauko da ni in bi tebur tebur ina ba da labarin. Madam ta saya min doguwar riga ruwan toka, ta ce in rage fara'a. Satin jiya wata mata ta riƙe hannuna, ta ce ita ma bana ta rasa tata, ta yi wa Inna addu'ar samun rahama. Yaya, na ce amin. Da bakina.

Na roƙi maigidan a cire labarin. Ya ce ya riga ya zaga wayoyin mutane, in aka gane ƙarya ce, aikinsa ya tafi, ɗakin ma ya tafi. Ba mugu ba ne, shi ma ya rame. Littattafan nan na zuba su a kwali, ko bangonsu ba na son gani.

Yanzu kuma kin ce Inna za ta zo ganin likitan gwiwa, a wurina za ta sauka. Matakalarmu ta gefen ƙofar gidan abincin take, kuma kin san ba za ta tafi ba ta ga inda surukinta yake aiki ba. Don Allah ki nemo dalilin da zai sa ta ɗaga tafiyar.

Taki mai neman taimako,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina fatan kina lafiya. Inna ta iso lafiya, likita ya ce ba sai an yi aiki ba. Na san kin yi ƙoƙarinki.

Mun shirya mu sauko da ita gidan abincin da hantsi, lokacin babu mutane, Madam ma ba ta zuwa. Maigidan ya sa aka kawo mata kifi. Ta duba gutsuren, ta tambaya a hankali ko ɗanɗano ne kafin abincin ya zo. Muna cikin haka sai ga Madam. Ta ga baƙuwa tare da ni, ta sa aka kawo waken kyauta, ta tsaya a kanmu ta ba da labarin da kanta, tun daga jinya har tukunyar gado. Ni ina kallon cokali mai yatsu. Maigidan ya jiƙe da gumi.

Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ɗanɗana. Ta dubi rigata, ta dubi surukinta. Sai Madam ta ce kamarmu ta yi yawa, mene ne tsakaninmu.

Inna ta ce ita ƙanwar marigayiyar ce. Ta ce mace ce mai haƙuri, Allah ya jiƙanta. Madam ta ce amin, maigidan ya ce amin.

Da muka hau sama ta cire mayafi, ta wanke babbar tukunya, ta zauna a kujera saboda gwiwar, ta dafa waken yadda muka sani. Ta cika min faranti har yana zuba. Na durƙusa zan fara magana, ta ce in ci tun da zafi. Abu ɗaya kawai ta faɗa, wai in gaya wa kukun cewa marigayiya ba ta taɓa zuba wa ɗan mutum cokali uku ba. Da ma ta zage ni, Yaya.

Madam ta ji daɗin ganin dangi. Tana so inna ƙarama, wato Inna, ta zauna kusa da ni ranar Asabar, za a ɗauki bidiyo. Na ce wa Inna ta ƙi, ta ce in ta ƙi, ina za mu kwana ni da mijina. Ta ce ki aiko mata da mayafinta mai duhu, wanda take zuwa ta'aziyya da shi, yana ƙasan akwatinta.

Ki ba direba ya kawo. Ke kada ki zo, a labarin babu ke.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta