Tafintar da Suka Ɗauka Kurma Ce

Ottawa, 11 ga Maris

Babana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙirjin, tarin ya lafa? Ya zafin Florida, ya kuma amininka Wendell, ɗan'uwanka kurma, da ƙaryarsa ta kamun kifi?

Ka ce ka gan ni a kwamfuta, tsaye gefen Ministan Lafiya ina mayar da jawabinsa maganar hannu, wai na rame. Baƙar rigar aiki ce kawai. Amma tsaya ka sha labari: Ministan da mutanensa sun ɗauka ni ma kurma ce kamarka! Ba su taɓa jin muryata ba, sai su tsaya gabana bayan labule suna cacar baki. Ni kuwa na yi lamo, don na daɗe ina son ganin yadda ake yanke wa ƙasa guda shawara. Ashe kamar rigimar gidanmu ce kan wanda zai kwashe ƙanƙarar bakin ƙofa. Jiya, a kan annobar nan da ke yaɗuwa, babban likita ya ce, "Ranka ya daɗe, cutar nan ba ta san hutun Lahadi ba." Minista ya ce, "Likita, kai matattu ne naka, ni masu rai ne za su ci ni ɗanye." Ya gyara wuyan riga, ya fita gaban kyamara yana murmushi. A ina yake ajiye tsoronsa? Har yanzu ban gano ba.

Na yi rantsuwar aiki, sauran abin da na ji ba zai fita bakina ba. Amma Baba, bana kada ka jira Afrilu. Sanyin garinmu Sudbury bai taɓa kashe ka ba. Ka taho gida.

'Yarka,
Noreen

Ottawa, 15 ga Maris

Baba mai taurin kai,

Ina gaisuwa, da fatan kana shan maganinka. Na ga amsarka: wai shekara ashirin ba ka taɓa dawowa kafin ƙanƙara ta narke ba. To ni tsoro nake ji, na faɗa. Idan ka kwanta a asibitin can, kowa da takunkumi a fuska, leɓen wa za ka karanta?

Na san ka ga abin da na yi jiya. Minista ya karanta a hankali cewa waɗanda ke ƙasashen waje "su duba yiwuwar dawowa". Ka san dokar aikinmu, ba ƙari ba ragi: idan mai magana ya sassauta, tafinta ma ta sassauta fuska. Wallahi hannuna ya ƙi. Na haɗe gira, na yi wa duk ƙasar tsawa: ku dawo yanzu! Da kai nake.

Kafin in sha ruwa, shugabarmu Madam Gauthier ta kira ta ce in huta a gida. Gaskiyarta ce. Ina tattara jakata sai ga Minista da takarda da biro, zai rubuta mini tambaya. Na ce, "Faɗi kawai, ranka ya daɗe, ina ji." Biron ya faɗi ƙasa.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Tun haihuwa."

Ya dube ni ya ce, "To ke da kika ji komai, wa ke da gaskiya, ni ko likita?" Na ce ni dai ubana shekararsa saba'in da takwas, kuma yana Florida. Sai ya juya ya wuce. Ko maganar ta shige shi, oho.

Aikin ya tafi, Baba. Kada ya tafi a banza.

Noreen

Ottawa, 2 ga Afrilu

Babana abin ƙaunata,

Barka da hutawa, ya gajiyar tuƙin kwana uku? Ka ce fuskata ce ta sa ka loda mota, wai rabonka da irin wannan harara tun rasuwar Mama. Na gode. Ka zauna a killace yadda aka ce, maƙwabciya za ta ci gaba da ajiye maka miya a bakin ƙofa.

Baba, 'yar Wendell ta rubuto mini. Ya rasu ranar Talata a asibitin can. Ta ce kwanansa shida yana nuna bakin ma'aikatan jinya don ya karanta leɓensu, su kuma ba halin su cire takunkumi. Na rasa yadda zan faɗa maka, shi ya sa na rubuta.

Ba zan bar ka da wannan kai kaɗai ba. Ranar Lahadi zan taho. Ba za a bar ni in shiga ba, amma mu da hannu muke hira, taga ba ta hana mu komai. Zan tsaya a tagar kicin har ka gaji da ni. Ka goge gilashin.

'Yarka,
Noreen