Tsamiyar da Ta Kashe Haske

Gwandu, Litinin

Malam Muzzammil,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da kwalabenka. Na kashe wayata, sai ka karanta.

Wata uku ina jiƙa maka tsamiya da zuma, ina ba direba ya kai maka makaranta a Kalgo. A littattafan da nake karantawa, miji in ya sami irin wannan, lumshe ido yake yi ya tuna matarsa. Kai kuwa ɗakin gwaji ka kai tawa! Ƙanwarka Jummai ta gaya wa Inna wai ka ɗiga ta a wani ruwa mai haske, hasken ya mutu nan take. Yanzu gidan nan kowa cewa yake asiri nake zuba maka. Yau Inna ta maido tuwon da na kai mata, ko buɗewa ba ta yi ba. Ni aka maido wa kwano, Malam!

Matarka, in har yanzu ita ce,
Sa'adiyya

Kalgo, Laraba

Sa'adiyya,

Wa alaikumus salam. Wallahi ban ce asiri ba. Sinadarin da nake haɗawa don digirina koren haske yake bayarwa a ƙarƙashin wata fitila, in ya gamu da jan ƙarfe a ruwa sai ya dushe. Cikina ya daɗe yana murɗawa, shi ya sa na gwada. Tsami yana cin jan ƙarfe. A me kike jiƙawa?

Amma ki taya ni murna, sinadarin ya yi aiki.

Naki,
Muzzammil

Gwandu, Alhamis

Malam,

Salam. Murna? Mahaifiyarka ta daina cin abincina, kai kana neman a yi maka guɗa!

A tasar jan ƙarfen da Inna ta ba ni da hannunta ranar buɗar kai nake jiƙawa. Ta ce a ciki ta jiƙa wa marigayi mahaifinka shekara talatin, ni kuma na ɗauka gadon soyayya aka ba ni. Wannan magana ba daga bakina za ta ji ta ba. Ka zo Asabar da fitilarka. A jiƙa a roba, a jiƙa a tasarta, ka gwada a gabanta, Jummai na zaune. In ba ka zo ba, ka neme ni gidanmu a Malisa.

Ka huta lafiya, in za ka iya.
Sa'adiyya

Gwandu, Lahadi

Malam,

Salam. Ka dai gani, a gaban Inna hasken ya mutu a ruwan tasarta, na robar kuwa kore shar. Bayan tafiyarka ta ce, "Ashe shi ya sa marigayi ke yawan riƙe ciki." Ta karɓi tasar ta kife a kan kabad. Da la'asar ta aiko a zubo mata tuwo. Kwanon ya dawo wayam.

Tsamiyarka kuwa, ka jiƙa da kanka. Ban huce ba.

Taka,
Sa'adiyya