Mota Ɗaya, Lamba Biyu

Baban Zuhair,

Na tafi asibitin Jahun, Addata ta sauka, sai gobe in Allah ya kai mu. Tuwonka yana cikin kula, amma ka karanta wannan tukuna.

Ɗazu da hantsi wani mutum ya zo da farar akori-kura, wai Yayanka na Aujara ne ya aiko shi ya ɗauki injin ban-ruwanka. Baki kamar zuma. Sai dai har sau uku yana cewa "Alhaji Abdulbaƙi". Yaushe Yaya ya je Makka ba mu da labari?

Na ce ba ka nan. Na leƙa ta zaure, lambar gaban motar ta Jigawa ce, ƙarshenta JHN, irin ta motocin Jahun. Da ya juya zai tafi, wallahi ta bayan ta Kaduna ce, an ɗan shafa mata laka, ana tsakiyar rani! Duka biyun na rubuta maka a bayan takardar nan.

Ya ce zai dawo bayan la'asar. Na san halinka, da an ambaci Yaya sai ka hau rawar jiki. Don haka na kulle injin a ɗakina, makullin yana hannuna, ka yi haƙuri. In ya matsa, ka ce ku tafi Aujara tare.

Motar da ke da suna biyu, Allah kaɗai ya san nawa mai ita yake da su.

Mashkura